Yadda iyali za su buɗe masaukin baƙi a gonarsu, gari ma ya samu rabonsa

A Kano da Kaduna da Abuja akwai yaran da suka tashi suna cin tuwo kullum, amma ba su taɓa ganin dawa a tsaye a gona ba, balle su ga yadda ake tatsar saniya. Iyayensu kuwa, waɗanda da yawansu a ƙauye aka binne cibiyarsu, suna marmarin wurin da za su kai su a yi kwana biyu, a sha iska, a ci abincin da aka dafa a murhu. Garinsu na asali ya yi nisa, ko tsofaffin da ake zuwa dominsu sun ƙare. Iyalin da ke da gona a wuri mai kwanciyar hankali za su iya mayar da wannan marmari sana'a: baƙo ya zo ya kwana a gona, ya ci abin da ta haifa, ya biya.

A Turai abin ya daɗe. Italiya ta yi masa doka tun 1985, kuma sharaɗin da ta kafa shi ne noma ya ci gaba da zama babban aikin gidan, saukar baƙi ta biyo bayansa. Wannan sharaɗi ya kamata mu ɗauka yadda yake, domin ranar da gona ta mutu, abin da ya rage otal ne a bayan gari, kuma ba wanda zai baro birni don shi. Akwai sharaɗi na biyu da ya fi wannan nauyi a wurinmu. Baƙon da ya sauka a gonarku ba naku ne ku kaɗai ba. Hanyar gari ya biyo, a masallacin gari zai yi Juma'a, 'yan sintirin gari ne ke tsaron barcinsa. Saboda haka rabon gari ba kyauta ba ce da za a yi in riba ta samu. Yana cikin kuɗin da ake kashewa don sana'ar ta tsaya, kamar taki da kuɗin ƙwadago.

Mataki na 1: A duba wurin da idon baƙo

Tambaya ta farko ita ce tsaro, kuma ba a yi mata kwana-kwana. Idan a yankinku ana satar mutane don neman fansa, ko manoma kansu ba sa iya kwana a gona, to a ajiye maganar har Allah ya kawo sauƙi. Motocin birni da ke shiga gona kowane ƙarshen mako talla ce ga ɓarayi, kuma ba baƙon kaɗai za a jefa cikin haɗari ba, har maƙwabta.

Idan wannan ya wuce, sai hanya. Ku bi ta a ƙaramar mota cikin watan Agusta, bayan an tafka ruwa, ba a kan babur cikin rani ba. Ku duba ko waya tana samun sabis, da nisan asibiti mafi kusa da ke aiki da dare. Daga nan ku tambayi kanku abin da zai sa mutum ya zo nan ɗin. Wanda gonarsa take wajen Kura ko Kadawa yana da noman rani da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, ga tumatir, ga shinkafa, ga alkama cikin hunturu. Na kusa da fadamar Haɗeja da Nguru yana da tsuntsayen da ke tahowa daga Turai lokacin sanyi. Wanda ke kusa da Wudil yana da kasuwar shanu ta ranar Juma'a, na Maigatari yana da ta Alhamis. Ko ba ko ɗaya cikin waɗannan, garke da lambu da inuwar tsamiya sun ishi ɗan birni kallo, muddin wurin yana da tsabta.

Mataki na 2: Zaman 'yan gida

Yawancin irin wannan sana'a a cikin gida take mutuwa, tun kafin baƙi su gaji da ita. Gonar gado ce da ba a raba ba, babban wa ya kawo shawara, ƙani da ke aiki a birni ya turo kuɗin gini, matan gida suna girki daga asuba har dare, sannan bayan shekara kowa yana ganin shi aka cuta. Don haka kafin a ɗora tubali ɗaya, a tara duk mai haƙƙi a gonar, har 'yan'uwa mata da ke gidajen aurensu, domin su ma magada ne. A rubuta wane yanki aka ware don masauki, nawa kowa ya zuba, yaya za a raba riba, kuma in wani ya so fita yaya za a sallame shi. A sa hannu a gaban shaidu. Wani zai ce, “Haba Yaya, tsakaninmu har sai an yi takarda?” Amsar ita ce takardar ba don ku ba ce, don 'ya'yanku ne da za su gaji abin ba tare da sun ji yadda aka yi ba.

A raba aiki da suna. Mutum ɗaya ne ke amsa waya da karɓar masu neman ɗaki. Mutum ɗaya ne ke riƙe littafin kuɗi, kuma ba shi ne mai cefane ba. Noma yana hannun wanda ya saba riƙe shi, kada a janye shi zuwa hidimar baƙi a tsakiyar damina. Duk wanda ke aiki a biya shi lada, ko da ɗan gida ne. Wannan ya fi shafar mata. A tsarin gandu an saba aikin mace a madafa ba ya shiga lissafi, amma a nan girkinta ne ake sayarwa. Idan Inna ko matar wa ita ce ke tuƙa tuwon da baƙi ke yabawa, a yanka mata albashi, ba “ga wannan ki sayi sabulu” ba.

Aljihu uku za a yi: na gona, na masauki, na cefanen gida. In masauki ya ɗauki kaji 3 daga gona, a rubuta su a farashin kasuwar ranar. In ba haka ba, ba za ku taɓa sanin wanne ke ciyar da wanne ba.

Sai maganar dangi, wadda kowa ke jin nauyin tayarwa. Da zarar labari ya bazu cewa an yi ɗakuna masu kyau a gona, kawu zai zo da iyalinsa hutun Sallah, abokin ƙani zai zo da amaryarsa, kuma ba wanda zai iya buɗe baki ya ce su biya. A yanke tun yanzu: dangi suna sauka a cikin gida kamar yadda aka saba, ɗakunan masauki kuwa na mai biya ne. In ana so a yi alheri, a ware kwanaki sanannu a shekara. Dattijon gidan ne zai sanar da wannan da bakinsa, don kada a ce yaran ne suka yi rowa.

Mataki na 3: A je a gai da masu gari

Wannan mataki yana gaban gini, ba bayansa ba. A fara da mai unguwa, shi zai kai ku wurin dagaci, in abin ya kai, har gaban hakimi. A je da dattijon gida, da goro, a zauna a ƙasa a yi gaisuwa yadda aka saba, sannan a faɗi magana a fili: “Ranka ya daɗe, muna so mu riƙa saukar da baƙi a gonarmu, iyalai da 'yan makaranta, su kwana su ga noma. Mun zo neman izini da shawara, kuma muna so a gaya mana abin da gari ba zai lamunta ba.” Daga nan sai limamin gari, sai shugaban 'yan sintiri, sai ofishin 'yan sanda na yankin. Kada a manta da arɗon Fulanin da ke kiwo a kewayen.

Ku sani cewa abin da zai fara zuwa zuciyar mutane shi ne masha'a. A ƙauye kalmar otal ba ta da kyakkyawan suna, kuma in aka bar jita-jita ta riga ku, sai ku shekara kuna wanke kanku. Ku zo da ƙa'idojinku a rubuce: ba giya, ba kiɗan dare, mace da namiji ba sa ɗaki ɗaya sai ma'aurata, kowane baƙo zai nuna katin shaida a rubuta sunansa a rajista. A jihohin da ke da Hisba, ku je ku gabatar da kanku tun kafin su zo da kansu. Sannan ku gayyaci dattawa da matan gari su zo su ga wurin da idonsu kafin baƙo na farko ya iso.

A wannan zaman ne kuma za ku ji abin da ba ku yi tunani ba. Wataƙila hanyar da kuke shirin toshewa da shinge ita mata ke bi zuwa rafi. Wataƙila gefen gonar burtali ne tun zamanin kakanni. Duk hanyar da aka saba bi a bar ta a buɗe, ko da za ta rage muku fili. Rigimar da toshe burtali ke haifarwa ta fi ƙarfin ribar ɗaki biyu.

Mataki na 4: Takardu

Nan ba a daɗewa. A yi wa sana'ar rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a buɗe mata asusun banki nata na kanta. A tabbatar da takardar fili: dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara, gwamna kuma shi ke ba da babbar takardar mallaka. Lasisin masauki yana hannun jiha, haka Kotun Ƙoli ta yanke a 2013, don haka hukumar yawon buɗe ido ta jiharku za ku nufa. Masu girki su je a duba lafiyarsu, kuma a gayyato duba-gari ya ga madafa da banɗaki.

Mataki na 5: A gwada da baƙin yini

Kada ku fara da ɗakunan kwana. Ku fara da rumfa mai faɗi, tabarmi, banɗaki 2 masu tsabta, wurin alwala da salla, da ruwan sha. Ku je makarantu 2 ko 3 a birni mafi kusa ku ce su kawo ɗalibai yawon gani da ido. Ku gayyaci iyalai kaɗan ranar Asabar, su zo da hantsi su koma bayan la'asar. Cikin wata shida za ku gane abubuwan da ba wanda zai koya muku: mutum nawa madafarku ke iya ciyarwa ba tare da an rikice ba, me yara ke so, me iyaye ke ƙorafi a kai, kuma wa a cikin gidan yake da haƙurin jama'a. Duk wanda ya ce “da akwai wurin kwana da mun kwana”, a karɓi lambarsa. Waɗannan ne baƙinku na farko.

Mataki na 6: Gini, ruwa da banɗaki

Ɗaki 2 sun isa farawa. Ra'ayina shi ne a yi ginin ƙasa, da tubali da rufin azara ko ciyawa, a nemo maginan gargajiya na yankin. Katangar ƙasa mai kauri tana riƙe sanyi da rana, ta riƙe ɗumi da daren hunturu, abin da bulo da kwano ba sa yi. Kuma shi ne abin da baƙon ya zo gani, don bulo yana da shi a gida. Sai dai ginin ƙasa yana son kulawa: a ɗaga harsashi da dutse ko siminti saboda zaizayar ruwa, a sa indararo masu tsawo, a yi maganin gara, a sake yaɓe kowace shekara kafin ruwan farko. Ɗakunan su kasance nesa kaɗan da cikin gida, da ƙofarsu daban, don matan gida su ci gaba da walwalarsu, kuma nesa da turken dabbobi ta ɓangaren da iska ba ta kaɗo wari.

Baƙo zai yafe muku rashin talabijin, amma ba zai yafe ƙazamin banɗaki ba. A nan za a kashe kuɗi: tayil, ruwa a famfo, ƙofa mai sakata, haske. Ramin masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma ya kasance a gangare da ita, ba a samanta ba. Katifa mai kyau, zanen gado fari da ake wankewa bayan kowane baƙo, raga a taga, gidan sauro a kowane gado. Sola mai ɗaukar fitila da fanka da cajin waya ta fi janareto, domin shirun dare yana cikin abin da aka biya.

A share ciyawa a kewayen ɗakuna, a ba kowane ɗaki tocila. Gona ba ta rasa maciji da kunama, kuma kububuwa ba abin wasa ba ce, shi ya sa har asibiti na musamman aka yi wa saran maciji a Kaltungo. Ku san asibitin da ke ajiye allurar dafin a yankinku, ku kuma tanadi mota da direban da za a iya tasa da tsakar dare. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure wurin tamau, sai a kwantar da mutum a garzaya da shi.

Mataki na 7: Abin ci da abin yi

Kada a yi ƙoƙarin kwaikwayon abincin otal. Da safe kunun gyaɗa da ƙosai ko waina da miyar taushe, da rana dambu ko ɗanwake da kwaɗon zogale, da dare tuwon dawa miyar kuka da man shanu, da zabo in an samu. Abin da ake kiyayewa shi ne tsabta: a tafasa madara kafin a yi nono ko kindirmo, ruwan da za a dama fura ya zama tsabtatacce, a tambayi baƙo tun a waya ko akwai mai ciwon suga ko wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba. Yaji a ajiye shi a gefe.

Abin yi kuwa kalandar gona ce ke tsara shi. Da damina akwai shuka da noman firi da maimai, da gasa ɗanyar masara a bakin gona. Kaka ta fi kowane lokaci daɗi: girbi, ɗaurin dami, sussuka, shiƙa, tonon gyaɗa. Hunturu na lambu ne da hira a bakin wuta. Bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan kori baƙi, sai a yi gyare-gyare.

A sami mai zagayawa da baƙi wanda ya san wurin da gaske. Tsohon manomi da zai tsaya a gindin gawo ya ce wa yaro, “Ɗana, dubi wannan itacen. Da damina, lokacin da kowace bishiya ta yi kore, shi sai ya zubar da ganyensa, rana ta sauka kan gero, ganyen ya zama taki. Da rani kuma ya yi ganye, awaki su ci 'ya'yansa.” Yaron zai manta launin ɗakin da ya kwana, amma wannan zai kai shi makaranta ranar Litinin. Irin wannan dattijo a biya shi kamar malami, don aikin malami ya yi.

Mataki na 8: Rabon gari

Nan ne ake yawan kuskure, domin mutane suna fara tunanin gina aji ko rabon shinkafa da azumi. Waɗannan suna da kyau, amma ba su ne farko ba.

Na farko shi ne ciniki. Duk abin da gonarku ba ta samarwa, a saye shi a gari: nono daga ruga, daddawa da man gyaɗa da ƙuliƙuli daga matan cikin gida, tabarma da faifai daga masu saƙa, kifi daga masunta. A biya a take, a farashin da ya dace, ba bashi, ba “sai baƙi sun tafi”. A yi juyi tsakanin gidaje, kada a ce kullum gidan surukanku ne ke kawo waina, domin ƙauye yana ƙirga irin wannan. Matan da ba sa fita a sami dattijuwa amintacciya da za ta riƙa karɓo kaya tana kai musu kuɗinsu a hannu. Kuma kada cinikinku ya zama dalilin cire yarinya daga aji a ɗora mata talla. Ku ce ba ku karɓar kaya daga hannun yara a lokacin makaranta, ku tsaya a kan haka. A ware ɗan shago a bakin ƙofa inda masu sana'a za su ajiye kaya da sunansu da farashinsu, abin da aka sayar nasu ne.

Na biyu aiki. Mai gadi, mai shara, mai wanki, mai kula da sola, duk a ɗauko su daga gari, a koya musu, a yanka albashi a fili, a biya ranar da aka ce. Matashin da ya koyi gyaran sola ko famfo a wurinku ya sami sana'ar da zai ci da ita ko bayan ya bar ku.

Na uku a raba abin da aka riga aka mallaka. In kun haƙa rijiyar burtsatse, ku fitar da famfo ɗaya bayan shinge, da kwamin shayar da dabbobi. Tankin ruwa cike a cikin shinge, alhali mata suna tafiya mai nisa da jarka, ba abin da zai jawo muku sai baƙin jini. Bayan girbi a bar makiyaya su shigo su ci kara, shanu su bar muku taki, kamar yadda kakanni suka yi kafin zumuncin ya lalace. In kuna renon dashe, ku ƙara yawansa ku ba maƙwabta. Ku kuma nuna musu dabarar manoman Maraɗi da Damagaram, waɗanda tun shekarun 1980 suka dawo da miliyoyin itatuwa gonakinsu ta hanyar barin tohon kututture ya girma maimakon sare shi lokacin sharar gona.

Sai na huɗu, asusun gari. A yanke wani kaso tsayayye, misali kashi 5 cikin 100 na kuɗin kowane ɗaki, a cire shi ranar da baƙo ya biya, ba ƙarshen shekara ba. Dalili kuwa, in aka jira riba, kullum za a sami abin da ya cinye ta. Kuɗin kada ya zauna a hannunku, kada kuma ya zauna a aljihun mutum ɗaya, komai girmansa. A kafa kwamiti ƙarami: wakilin mai unguwa, liman, shugaban makaranta, mace aƙalla ɗaya da mata suka zaɓa da kansu, matashi, da wakilin ruga. Mutum 2 ke sa hannu kafin a fitar da ko sisi. Su ne za su faɗi abin da za a yi, ba ku ba. Za ku yi mamaki: kuna tunanin fentin makaranta, su kuwa abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne kwalbatin da ruwa ke cinyewa duk damina, ko kuɗin man motar da za ta kai mai naƙuda asibiti. A fifita gyaran abin da ya lalace a kan sabon gini. Ƙauyukanmu cike suke da famfunan da aka buɗe da biki, suka mutu saboda ƙaramin ƙarfe da ba wanda aka ɗora wa alhakin sayensa. In aikin na ƙarfi ne, asusu ya sayi siminti, gari ya yi gayya.

Abu biyu a kiyaye. Kada a yi alkawarin abin da ba a riƙe a hannu ba, domin “za mu gina muku asibiti” da aka faɗa cikin zumuɗi sai ta zama bashi a wuyanku har abada. Sannan zakka daban take. Ushirin hatsi, kashi 10 cikin 100 na noman damina ko kashi 5 na wanda aka shayar da wahala, haƙƙin masu shi ne da Allah ya ambata, ba a lissafa shi cikin alherin masauki.

Baƙi ma suna da nasu ladabin, kuma ku ne za ku gaya musu tun a ƙofa. Ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininsa, balle matan aure da yara. Ba a shiga gidan mutane sai an yi sallama an amsa, maza kuma iyakarsu zaure. Ba a raba wa yara kuɗi ko alewa a hanya. Wannan na ƙarshen baƙi kan ji kamar rowa ce, amma wanda ya ga garin da yara suka koyi bin mota suna miƙa hannu ya san ɓarnar da ke ciki. Mai son taimakawa a nuna masa asusun gari, a ba shi rasit, ko ya yi sayayya a shago. Ku ma kada ku tallata masaukinku da hoton talaucin maƙwabtanku.

Mataki na 9: Farashi, talla da lissafin shekara

Wajen yanka farashi a haɗa komai: abinci, albashi har na 'yan gida, wanki, gyaran sola, yaɓen shekara, kason gari, da watannin da ɗaki zai zauna ba kowa. A faɗi kuɗi ɗaya da ya ƙunshi kwana da ci da zagaye, don baƙo ba ya son a riƙa tsinkar masa kuɗi kaɗan-kaɗan. A karɓi rabin kuɗi ta banki kafin a riƙe wa mutum ɗaki, in ba haka ba za a yanka kaji a zauna jiran wanda ba zai zo ba.

Talla ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Lambar WhatsApp da ake amsawa da wuri, shafi a Facebook ko Instagram, gajeren bidiyon tatsar nono ko sussuka. Hoton ya zama na gaskiya, kada a nuna korayen damina ga wanda zai zo a watan Maris. Kwatancen wurin dalla-dalla kuwa a tura wa wanda ya riga ya biya kawai, kuma kada a sanar da zuwan wani babban baƙo sai bayan ya tafi. A lura da lokutan da mutane ke motsi: hutun makaranta, ƙarshen shekara, da bikin Sallah. Hawan Sallar Kano, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024, kan jawo baƙi daga nesa a shekarar da aka yi shi, kuma wasunsu za su so kwana ɗaya a karkara bayan hayaniyar birni.

Bayan an gama kaka a yi zama biyu. Na farko na 'yan gida, a buɗe littattafan nan uku, a ga ko amfanin gona ya ragu saboda hidimar baƙi. In ya ragu, a rage baƙi ko a ƙara ma'aikata. Na biyu a ƙofar mai unguwa, a karanta abin da ya shiga asusun gari da abin da ya fita, a bainar jama'a, sannan a tambaya ko akwai wanda baƙi ko ma'aikatanku suka ɓata wa. Za a sami mai cewa mota ta take masa kaza, ko yaran baƙi sun tsinke masa mangwaro. A biya nan take. Ɗaki na uku sai an cika sharaɗi uku: kun mayar da masu neman ɗaki sau da yawa saboda ba wuri, rijiya tana ƙosar da ku da masu ɗiba a waje har cikin watan Afrilu, kuma kuɗin ginin daga aljihun masauki zai fito, ba daga sayar da shanun huɗa ba.